Gurnanin da na sa aka cire

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar ƙanena Habu. Allah ya jiƙansa. Na daɗe ina niyyar yin wannan rubutu ina fasawa, domin abin da zan faɗa ba yabon kaina ba ne.

Habu manomi ne a Toranke kamar mahaifinmu, amma da rani jita yake kaɗawa a gidajen biki, daga Ajingi har Gaya. Ni malamin gona ne, kuma ban taɓa yarda da wannan sana'a ba. Na hana shi kiɗa a tsakar gida, ya koma bayan rumbu. Ta katanga nake jin sa, ina tsaki.

Kayan aikinsa uku ne: jita, batirin mota, da wata ƙaramar amfilifaya, akwatin da ke ƙara wa jita sauti. Murya ɗaya gare ta. In ya shafi tsirkiya a hankali, sauti ya fito garau kamar ruwan randa. In ya ƙara nauyin hannu, ta fara dishewa. In ya doka sosai, ta yi gurnani. Na taɓa ce masa akwatin nan nasa ya lalace. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ba lalacewa ba ce, fushi take yi. Kai ma ai haka kake in an matsa maka."

Bayan sadakar arba'in na yi abu biyu, kuma a jere zan faɗe su. Na farko, na kai akwatin wurin wani mai gyaran rediyo a kasuwar Gaya, na ce ya cire wannan gurnani. Ya sauya lasifikar da wasu kayan ciki, ya zubar da tsofaffin. Na biyu, na miƙa shi sadaka ga Islamiyyar unguwarmu, domin ladan ya kai ga mamaci. Kayan marayu ne, amma ban tambayi kowa ba. A ganina wanke ƙanena nake yi.

Ɗansa Nafi'u yana da shekara huɗu a lokacin. Yau magidanci ne, kuma jitar ubansa ce a hannunsa. Ya sayo babbar amfilifaya daga Kano, mai murya biyu, da wani abin takawa a ƙasa. Ka taka sau ɗaya ta yi garau, ka sake takawa ta yi gurnani. Zan yi mata adalci: tana da ƙarfi, tana cika fili, kuma abin da ka nema shi take ba ka. Sai dai kamar ƙofa take, ko a buɗe ko a rufe. Ta Habu kuwa a tsakani take da rai, wurin da murya ta fara rawa ba ta kai ga fashewa ba. Da yana raye, na san abin da zai ce: ƙafa ta zuwa gona ce, zance a hannu yake.

Bayan girbin bana Nafi'u ya zo gidana da kayansa. Kaset ɗin ubansa duk ruwa ya ci su shekarar da ɗakinsu ya rushe. Ya ce, "Baffa, Inna ta ce ba wanda ya kai ka jin kiɗan Baba. Saurara ka gaya min." Ya kaɗa, ya taka, ya sake kaɗawa. Ya ce, "Shi ne?" Na ce ba shi ba ne.

A nan na faɗa masa inda akwatin yake. Muka je, shugaban makarantar ya ba mu aro da ladabi, bayan an tashi ɗalibai. Nafi'u ya haɗa wayar jitar. Ya shafa, garau. Ya doka, garau. Ya doka har tsirkiya ta kusa tsinkewa, sautin bai motsa ba, kamar ana kiran sunayen ɗalibai.

"Baffa, ina gurnanin?"

"Ni na sa aka cire."

Ya naɗe wayarsa, ya ɗauki akwatin da kansa ya mayar ajin da muka ɗauko shi. Gyaran gangar Abzinawa na yi, kuma da na sani ƙeya ce.

To me ya rage na Habu? Gonarsa tana nan, Nafi'u ke noma ta. Akwatinsa yana ɗaga muryar malami kullum, ina roƙon Allah ya kai masa ladan. Amma sautinsa ba ya kaset, ba ya akwatin, ba ya hannun ɗansa. Yana cikin kunne ɗaya tak a duniya, kunnen mutumin da ya yi ta masa tsaki ta katanga. Na haura saba'in, kuma kunnen ya fara nauyi.