Shamuwar da ta hau jinkar rumbunmu

Karatuna bai yi nisa ba, na tsaya ne daidai inda malam ya gaji da ni. Amma ya ishe ni in rubuta wannan shaida a kan maiɗakina, Allah ya jiƙanta, tunda ba ta nan balle ta ƙaryata ni.

'Yar bakin fadama ce, yamma da Ɗambatta. A ƙauyensu ba a yankan ciyawar gefen tafki, ba a taɓa ƙwai, sai tsuntsayen da suka zo baƙunta sun tashi. Kirinjijiya, dinya, shamuwa, duk baƙi ne a wurinsu. Ni na zaci mace kaɗai na auro, ashe har da dokar garinsu.

Wata shekara aka tara mu gyaran ganuwa saboda mahara, sai na makara wajen sabunta jinkar rumbu. Tsohuwar ta ruɓe, ko yayyafi ratsa ta yake, ga geron da zai kai mu kaka yana ciki. Na ɗaura sabuwa a ƙasa, na kira maƙwabta su kama mini. Muna isa muka tarar shamuwa ta riga mu. Ta jibge ƙirare a kan tsohuwar, ta kwanta kan ƙwai, tana kallonmu kamar jakadan Sarki.

Maiɗakina ta fito da muciya a hannu. "Malam, ina za ku da wannan?"

Na ce, "Kan rumbu mana. Ko hula kika ga na ɗinka?"

"Da mai gida a sama?"

"Ni ne mai gidan."

"Kai na ƙasa ne. Wannan daga nesa ta zo, tun safe take safarar kwaɗi daga fadama."

Wani maƙwabcina ya ce, "To Malam, mu ajiye, ko mu jira ka nemo izini?"

Na gyara murya na yi mata bayani irin na masu ilimi: hadari na haɗuwa, gero in ya jiƙe tsira yake, kuma bakin rumbu yana ƙarƙashin jinka, ba a ɗiban ko zangarniya sai an ɗaga ta. Ta saurare ni tsaf har na gama. Sannan ta ɗauki gatarina ta fasa cikin rumbun ta gefe, a hankali, shamuwa ko motsi ba ta yi ba. Ta shiga janyo dammunan gero tana kaiwa ɗaki. Maƙwabtan da na kira wa jinka suka ji kunya, suka koma 'yan dakonta. Damin ƙarshe na shiga, ruwa ya kece.

Ɗaki ya cika har ƙofa. Gero ya samu gado, ni aka miƙo mini tabarma zuwa zaure, kusa da akuya. A nan na yi rabin damina. Amma ko ƙwaya ba ta jiƙe ba, 'ya'yan shamuwa kuma suka yi fiffike, muna kallo suka bi uwarsu fadama.

Da suka tashi muka ɗora sabuwar jinka, maiɗakina ta sa na kafa tsohuwar a kan gwafa bayan gida, saboda shamuwa in ta dawo. Har yau ni ke gyara ta kafin ruwan fari. Bara da baƙuwar ta sauka, na dogara sanda na je na yi mata sannu da hanya. Ko kallona ba ta yi ba. Ta san wadda ta ba ta masauki.