Malam Sabo da Ƙafafun Mai Sabon Babur

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin yau labari ya riske ni: Malam Sabo Disfensa na Kiyako ya rasu.

Jama'a, ku shaida: waɗannan ƙafafu masu alfarma da nake taka ƙasa da su, bayan ikon Allah, aikinsa ne.

A shekarun da arzikin man fetur ya fara tumbatsa, ina sabon malamin firamare a Sara, na sayi jan babur, ina ratsa kasuwa tamkar Razdan, Baturen mulkin lardi. Ba a jima ba sai tafin ƙafata ya soma yi mini kamar tururuwa na yawo a ciki. Kwana biyar, tsayuwa ta gagara. Mutuwar jikin ta yi ta hawa, har yatsuna suka kasa riƙe alli.

Majalisar dangi ta zauna, ta yanke hukunci: kambun baka ne, saboda babur. Kawuna Arɗo, wanda bai taɓa barin saniya ta gurgunce ba tare da ya ƙona ta ba, ya sa ƙarfe a wuta zai yi mini lalas a gwiwoyi.

Ƙarfen ya yi ja, sai ga Malam Sabo a kan keke.

"Arɗo, wannan maraƙin naka Turanci yake koyarwa. Cire ƙarfen."

Ya ƙwanƙwasa gwiwata da cokali, ko motsi. Ya ce, "Dakarun jikinsa ne suka juya suna cin jijiyoyinsa. A littafi kaɗai na taɓa ganin ciwon nan. In ya kai ƙirji, numfashi zai tsaya." Ya tare motar gyaɗa, ya kai ni asibitin Birnin Kudu, ina shimfiɗe bisa buhuna.

Wata da watanni, kowace ranar kasuwa sai ya zo ya lanƙwasa mini ƙafafu, ina ihu, yana ba ni labarin gonarsa.

Na tambaye shi yawan masu ciwon. Ya ce malamin asibiti kan iya gama shekarun aikinsa bai ga ko ɗaya ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin ko a cuta ban yarda da ta gama-gari ba.

Bara na same shi a zaurensa, gani ya ragu. Ya lalubi gwiwata, ya buga da sandarsa.

"Duk tsawon aikina, ku uku na gani. Kai, da wata baiwar Allah a Kwandiko, da wani makiyayi." Ya ajiye sandar. "Shi makiyayin, ƙarfen lalas ya riga ni isa gare shi, bai tashi ba."

Sannan ya ce, "Tashi ka taka in ji."

Na taka.

"Har yanzu tafiyar Razdan!"

Bayan azahar za a yi jana'iza. Da ƙafafun nan zan ɗauki makararsa, kuma duk mai son ya karɓe ni sai ya yi haƙuri.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a, shi da makiyayin nan.