Takardar Shaidar da Farfesa Ya Rubuta Mini

Shekara huɗu da rabi da gama digirina na uku a kan lafiyar masu juna biyu a ƙauyuka, abin da na tsira da shi kawai shi ne sunan Dakta. Har mai kayan miya na Ƙofar Kwaya haka yake kirana, sai in ji kamar ba'a yake yi mini. Koyarwar wucin gadi nake yi a wata makarantar ungozoma, duk zango ana sabunta mini kamar alfarma.

Sai ga sanarwar gurbin bincike na shekara biyu a wata jami'a a waje, na waɗanda ba su wuce shekara biyar da gamawa ba. Wata shida suka rage mini. Na nemi irinsa har na gaji, wannan kuwa in ya kuɓuce shi ke nan. Sun faɗa ɓaro-ɓaro cewa mai tsayawa da ƙafarsa suke so, wanda zai iya musu da manya a kan hujja.

Saura takardar shaida daga farfesan da ya duba aikina. Mu kuwa ba a aika wa babba saƙon waya a ce rubuto. Sau uku ina zuwa gidansa a GRA, in gaishe shi da iyali da ciwon gwiwa, in tashi ban buɗi baki ba. Matarsa ce ta gaji da ganina ta tambaye ni abin da ke tafe da ni, ta faɗa masa.

Ranar da za a rufe ya kira ni. Ya sa tabarau, ya karanta mini takardar da ya rubuta da hannunsa, yana jin daɗi. Wai ni 'yar gidan mutunci ce, mai kunya da biyayya. Wai shekara biyar ban taɓa musa masa ba, abin da ya ce shi nake yi. Ni da na sake tsarin tambayoyin binciken gaba ɗaya bayan ya hana, don na ga matan ƙauye ba sa amsa su a gaban surukansu! Na ɓoye masa ne don kar ya ji kunya, har yau yana zaton nasa ne suka yi aiki.

Ya cire tabarau ya ce, "Ɗiyata, na hwaɗi alherinki duka. Da abin gyara?"

Layi biyu kacal nake so a sauya, na ma shirya su a raina. Na dubi furfurarsa, na dubi tabarma.

"Babu, Baba. Allah shi saka da alheri."

Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutun kwamfuta, don haka ni na buga masa ita kalma bayan kalma. Ni kuma na danna ta tafi.