Nuzhet Efendi da Littafinsa a Kan Sojan Sabiya

Nuzhet Efendi mutumin Pirishtina ne, wani garin daula kusa da iyakar Sabiya, kuma kyaftin ne a ofishin hafsoshin sojan daular a Istambul. Tun yana ƙarami ya tsinci Sabiyanci a bakin maƙwabta, shi ya sa da aka nemi mai leƙo asirin sojan Sabiya, aka ce ai ga Nuzhet.

Wata takwas ya yi a can da sunan fataucin dawaki. Ya ci burodin masara har ya gundure shi, ya ga igwoginsu sababbi fil. Amma abin da ya tsaya masa a rai wata rana ce da aka kaɗa ƙararrawa a wani ƙauye. Kafin la'asar manoma duk sun yar da fartanya, kowa da bindigarsa, kowa ya san tashar jirgin ƙasan da zai nufa don shiga rundunarsa.

Da ya dawo ya duƙufa, ya cika shafi ɗari biyu, ya kai wa shugabansa, Kanar Ragib Bey.

"Ɗana, rubutunka da kyau," in ji Kanar, yana kurɓar gahawa. "Sai dai makiyayan alade ka mayar zakuna."

"Ranka ya daɗe, da idona fa na gani."

"Ko dai giyarsu ka ɗanɗana ne?"

Ofis ya kwashe da dariya. Aka buga littafin, amma an zare babin ƙauyen da na igwogi, an bar launin kaki da jerin muƙamai. Ya rubuta takardar koke har sau uku, shiru kake ji. A gida matarsa Mevhibe takan ce, "Efendi, miya ta huce. Kai kaɗai aka ba amanar daular nan?"

Da yaƙi da Sabiya ya ɓarke, yana fagen daga a Kumanovo cikin ruwa da taɓo, yana kallon yadda ake karkashe sojojin daularsu. Da ƙafa ya tsira, sanyi ya cinye masa yatsu biyu.

A Istambul Kanar ya kira shi, ya dube shi ba ko kunya.

"Tun da ka sani, me ya hana ka matsa mana?"

Nuzhet ya juya ya fita. Washegari ya ajiye aiki. A garin Bursa ya ƙarasa rayuwarsa yana koyar da zanen taswira. Mahaifiyarsa ta rasu a Pirishtina, wadda a lokacin ta riga ta faɗa hannun Sabiya, bai samu izinin zuwa jana'iza ba.