Ƙafar Inna a Ƙarƙashin Lalle

Ni ce 'yar farin Inna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kakata ce ta riƙe ni. Har na girma, na zama nas a babban asibiti, na yi aure a Gyaɗi-Gyaɗi, in Inna za ta yi maganata sai dai ta ce "mutuniyar Gyaɗi-Gyaɗi". Duk Juma'a nakan je gaishe ta a Tarauni. Da ta ji sallamata za ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta kau da kai, ta amsa gaisuwata tana kallon bango. Kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba.

Cikin wata damina, sauro ya yi mana yawa, na je ranar Juma'a kamar kullum. Kafin ta gama jan zanen na hango ƙafarta ta hagu jawur da lalle, tun daga tafin sawu har tsakiyar ƙwauri. Ta dama kuwa babu komai. Da yake ba na wasa da Inna, sai na juya kan autarmu, wadda ke zaune da ita.

"Auta, wannan wane irin ƙunshi ne? Ita ɗayar ƙafar laifin me ta yi muku?"

Auta ta yi 'yar dariyar yaƙe ta shige ɗaki. Ni kuma na sha kununa, na tambayi ko Inna tana shan maganin sugarta, aka ce tana sha, na kama hanyar gida. Wallahi har yau in na tuna dariyar da na yi ranar sai na ji kamar in mari kaina.

Ranar Litinin da hantsi ina wurin aiki Auta ta kira ni. Ta ce Inna tana rawar ɗari, tana surutai, ba ta iya taka ƙasa. Na tari adaidaita sahu ko rigar aiki ban cire ba.

Warin ne ya fara tarbata a bakin ƙofa. Na san warin nan, shekara goma sha ina shaƙarsa a jikin iyayen wasu. Na yaye zanen. Ƙafar ta kumbura suntum, fatar tana sheƙi, ga wani ɗan rami sama da idon sawu yana tsiyayar mugunya.

"Tun yaushe?" na ce da Auta.

"Yaya, yau kwana tara. Sauro ne ya cije ta, ta yi ta sosawa har wurin ya fashe. Da ya fara zafi maƙwabciyarmu ta ce lalle yana sanyaya jiki, shi ne muke ta ƙunsa mata."

"Kwana tara. Mai ciwon suga. Ni ina nan Gyaɗi-Gyaɗi, tafiyar da ko shayi ba zai huce ba. Ke ba ki da baki ne?"

Ta fashe da kuka. Ta ce ta so ta gaya mini tun ranar Juma'a, Inna ce ta hana. Wai in na ji zan ce sai na duba, ita kuwa ina za ta iya buɗe wa 'yar fari ƙafa. Na rasa wanda zan yi wa faɗa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, an haifi nas a gida ana jinya da lalle.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa da allurai. Likitan da ya gan ta yaro ne, tare muke aiki. Ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta wurin susar suka bi ƙarƙashin fata, suga kuma ya ba su hanya. Duk na sani, amma ji na yi kamar ban taɓa jin zancen ba. A irin wannan ciwo akan sa biro a zagaye iyakar jan, don gobe a ga ko ya ci gaba ko ya ja da baya. Ya ɗauko biron, ya duba, ya duba, ya ajiye.

"Sista, lallen ya rufe komai, ba a gane ina ciwo ya tsaya. Sai dai a bi da hannu, inda zafi ya ƙare nan ce iyakar. Kuma ba zan ɓoye miki ba, in ya haye gwiwa za mu fara maganar ƙafar ce gaba ɗaya."

Yankewa yake nufi. Saboda sauro.

Na karɓi biron. Ina kai hannu Inna, da duk zazzaɓin da ke cinta, ta lalubo zane tana ƙoƙarin rufewa, fuskarta a bango. Nan fa raina ya ɓaci.

"Inna, kunya ko ƙafa, yau sai ki zaɓi ɗaya. Ni dai ƙafar na zaɓa."

Wata dattijuwa a gadon kusa ta riƙe haɓa tana salati. Ni kaina na razana da abin da ya fito daga bakina, don ban taɓa haɗa jimla mai tsawon haka da mahaifiyata ba. Ta saki zanen.

Na ɗora tafin hannuna a ƙwaurinta, zafi rau kamar gefen tukunya. A hankali na riƙa hawa sama har na ji inda fatar ta yi sanyi, yatsa huɗu ƙasa da gwiwa. Na ja layi. Layin ya fito a karkace. Ina da shekara talatin da takwas, ranar na fara taɓa ƙafar uwata.

Washegari da safe zafin ya tsallake layin da faɗin yatsa guda. Na fita baranda na yi kukan da ban yi a gaban kowa ba. Ranar aka shiga da ita tiyata aka tsaga wurin aka kwashe mugunyar. Kwana biyu abin yana tsaye cak, bai hau ba bai sauka ba. A na uku na taɓa layin na ji sanyi, na sake taɓawa don ban yarda da hannuna ba. Sati uku muka yi kafin a sallame ta, da ƙafarta, da wani rami a ƙwauri da babban yatsa zai shige. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Har yanzu ba ta kiran sunana, kuma ban sa rai ba. Juma'ar farko bayan mun koma gida na yi sallama, na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon bangonta. Sai na ga ta miƙe ƙafafun duka biyu a kan tabarma, ta ɗage zanen zuwa gwiwa da kanta.

"Auta," ta ce, "gaya wa mutuniyar Gyaɗi-Gyaɗi wani sauron ya cije ni jiya a ta daman. Ban sosa ba."