Tsohon Moto da Shayin Baba Makanike

Shekarun baya, a shekarar da damina ta ƙi kuma soja ke riƙe da ƙasa, aka turo ni Yamai koyarwa daga Damagaram. Ɗaki ɗaya na kama a unguwar Maourey. Ban iya Zabarmanci ba, ban san kowa ba sai abokina guda, shi ma wata biyu da zuwana aka tura shi arewa rabon hatsi. Ya tafi ya bar mini tsohon motonsa, wato babur, wanda ya girmi wasu ɗalibaina.

Ba a jima ba moton ya fara ba ni kunya. In na murɗa mai, inji ya yi ta ihu, gudu kuwa babu. Daga baya kuma wani gurnani ke tashi. Na yanke cewa inji ya mutu, na tura shi har wajen wani dattijo makanike, Bazabarme, a bayan kasuwar Petit Marché.

Na fara zuba masa bayani kamar ina gaban allo. Ya bari na gama, ya matsa hannun ambiriyaj, wato kuloci, sau biyu. Ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta.

“Mushe, injinka lafiya lau. Wayar nan ce ta ɗame. Sai an bar mata ɗan wasa kafin ta kama.”

Ya sassauta noti guda, shi ke nan. Sannan ya ɗaga ƙafar baya, ya girgiza ta hagu da dama, tana kwal-kwal. Ya juya ta, ya ce in kasa kunne. Kamar ana niƙa tsakuwa.

“Rulma ce ta cinye, ƙwallayen cikin gindin ƙafa. In ka ci gaba da hawa, wata rana ƙafar ta cije ka faɗi gaban mota.”

Iyakar Najeriya a rufe take lokacin, sabbin kaya ba su shigowa. Kwana tara ina zuwa kullum bayan an tashi lekol, wato makaranta, yana nema mini a cikin matattun babura. Ina zama a bencinsa, ya ba ni shayi, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Shi ma iyalinsa suna ƙauye, shanunsu sun ƙare ƙaf.

Da aka samu rulmar, moto ya gyaru, sai na rasa dalilin zuwa. Abin da na yi, har yau ina jin kunyarsa: na riƙa ɗame wayar da hannuna, in je in ce ta sake lalacewa. A karo na uku ya dube ni, bai ko taɓa moton ba.

“Ɗana, noti ba ya ɗaure kansa. In hira kake so, benci ga shi. Ka daina wahalar da ƙarfe.”

Na sunkuyar da kai na ce, “To, Baba.” Ya miƙo mini kofi.

Wata huɗu muka yi haka. Ran nan na zo na tarar da rumfar a kulle. Mai kayan miya da ke kusa ta ce an aiko masa matarsa ba lafiya, ya tafi ƙauye. Na yi ta leƙawa har aka sauya mini gari. Bai dawo ba, ni kuma ban taɓa tambayar sunan ƙauyen ba.

Yanzu na tsufa, na kai shekarunsa. In mutum ya zo gidana da ƴar hujjar da ba ta kai ta kawo ba, ba na bincike. Tabarma nake shimfiɗa masa, in ce a ɗora ruwan zafi.