Dala Goman da Kaka Ta Kora

Babana direban tasi ne, amma in ka ga yadda yake lallaɓa tsofaffin takardun kuɗi sai ka rantse likitan ido ne. Yana tara su a wani kundi mai leda, a saman kwaba, a gidanmu na unguwar Morris Heights, a Amurka. Sarauniyarsu wata dala goma ce ta zamanin yaƙin basasar Amurka, irin wadda gwamnati ta riƙa biyan kuɗin ruwa a kanta. Har jadawalin ruwan an buga a bayanta. Shekara biyu yana fita aiki ranar Lahadi kafin ya saye ta. Ni ko numfashi an hana ni yi kusa da ita.

Ina shekara goma sha biyar kakata, mahaifiyar Baba, ta zo daga Kumasi. Wata rana ta ga kundin ta ce mini, "Maigidan, wannan littafin me?"

Bakina ya ja mini. Na ce, "Hajiya, wannan takardar haihuwa take yi. Shekara ɗari da hamsin tana tara ruwa. Ko yanzu da muke zaune ta ƙaru."

Jira nake ta yi dariya. Sai ta ajiye carbi.

Da Baba ya dawo, ko takalmi bai cire ba ta ce, "Riba kake kwana da ita a ɗaki? A nan nake salla?"

Ya durƙusa. Ya yi bayani cewa ruwan ya tsaya tun kafin a haifi kakanta, cewa tarihi yake ajiyewa. Na sa baki na ce wasa nake yi.

"Kai yi shiru, da farko ka faɗi gaskiya." Ta sa na karanta mata jadawalin layi-layi, ina fassarawa. Kowane layi ƙara nutsar da Baba yake yi.

Baba ya ce, "To in sayar, Hajiya."

"Ka ci kuɗin? A ba mabuƙaci, kuma kada ka sa ran lada."

Washegari muka raka Kaka titin Fordham Road, ita a gaba, mu a baya kamar masu zuwa jana'iza. A gindin matakalar tashar jirgin ƙasa akwai wani dattijo zaune da kofin roba, yana bara. Baba ya zaro takardar daga leda da yatsa biyu, ya fara gaya wa mutumin darajarta da inda zai kai ta.

Mutumin ya juya ta, ya shinshina, ya ce ko muna da dala ta gaske. Sannan ya ninke ta huɗu, ya cusa a safa.

Kowane ninki sai da na ji shi a haƙarƙarina. Baba bai dube ni ba. Ya tare wa Kaka mota, ya riƙe mata ƙofa.